Takunkumin da Na Ƙaƙaba wa Rugar Kawu

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Wata huɗu ke nan da na kammala hidimar ƙasa na dawo Kwarin Gawo, kuma sai yau al'ummata ta tuna cewa tana da ɗa mai digiri a fannin dangantakar ƙasa da ƙasa. Inuwa, ɗan wan mahaifina kuma shugaban 'yan sintirin garinmu, shi ya tako da kansa har ƙofar ɗakina. Shekaranjiya shanu sun shiga gonarsa ta hanyar Toranke, sun cinye gyaɗar da ya tuge ya shanya. Babu wanda ya ga shanun. Amma ruga ɗaya ce a kusa da mu, ita ce ta Kawu Tukur, yayan mahaifiyata.

Ya ce, "Bashir, kai da ka karanci rigingimun duniya, a irin wannan me manya suke yi?"

Na fayyace masa mas'alar bisa mazhabar riyalizim, wadda nake bi tun ina aji biyu a jami'a. Duniya ba ta da mai unguwa. Kowace ƙasa ita ce 'yar sandan kanta, kuma wadda ba ta da ikon cutarwa ba a sauraron kokenta. Kwarin Gawo ƙasa ce, ruga ma ƙasa ce, hukuma kuwa tana can Ajingi, tafiyar minti arba'in a babur. Na shimfiɗa masa matakai uku: takunkumi, razanarwa, sannan teburin sulhu, wanda za mu hau muna masu rinjaye.

Ya ce bai gane rabin maganata ba, amma rabin da ya gane ya yi masa daɗi. Sun naɗa ni mai ba da shawara.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Kamalu ya biyo ta gidanmu a kan babur, da jarkokin madara a ɗaure a baya. Ɗan Kawu ne, taubashina, shekararmu ɗaya, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba.

"Jakada! Bawana! An ce an ba ka muƙami. Wace ƙasa za a tura ka, Toranke ko bayan gari?"

Na ce, "Kai da ba ka san bambancin diflomasiyya da dusa ba, me zan faɗa maka?"

"Dusa dai saniya tana ci ta ba da nono. Taka fa, wa ya taɓa ci ya ƙoshi?"

Inna tana jin mu daga madafi tana dariya. Ya sha fura ludayi biyu a tsaye, sannan ya rage murya ya ce shanunsu ba su taka gonar Inuwa ba. A ranar suna mashayar kudu, kuma baƙin garke sun ratsa ta burtali. Na sanar da shi cewa a mu'amalar ƙasashe niyya ba hujja ba ce, domin babu mai iya leƙa zuciyar maƙwabcinsa. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da maƙwabcin yake da shi na yin ɓarna.

Ya dube ni ya ce, "Wato ko mun yi ko ba mu yi ba, mun yi."

Na ce a ilimance haka ne.

"To Allah ya shirye ka, kaɗo mai biro." Ya tayar da babur.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

An aiwatar da mataki na farko.

Kowace shekara idan an ɗaure gero, matan ruga sukan shigo gari da ƙoren kindirmo, kowane gida mai gona a ba shi ɗaya. Mai gida ya buɗe faifai ya sha, a wanke ƙwaryar a cika ta da sabon gero a mayar, a nan ne kuma ake sa ranar da shanu za su shiga karan gonaki su ci, su bar taki. Ni a nazarina wannan hulɗar kasuwanci ce, kuma hulɗar kasuwanci ita ce abin da ake fara dakatarwa. Na ba da shawara kowane gida ya mayar da ƙwaryarsa a rufe yadda ta zo, har sai ruga ta amince da rubutacciyar yarjejeniya mai sa hannu. Inuwa da yaransa suka bi gida gida tun da safe suna isar da saƙon.

Gidaje talatin da ɗaya suka mayar. Na tsaya a bakin masallaci na ƙirga.

Gidanmu Goggo Hanne ce ta kawo, matar Kawu. Na tare ta a zaure kafin Inna ta fito. Na gaishe ta cikin ladabi, na bayyana mata cewa wannan ba ƙiyayya ba ce, saƙo ne na wucin gadi. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu tana dubana kamar ba ta jin Hausa. Ta ce, "Ko faifan ba za ka ɗaga ba?" Na ce manufa ba ta yarda da togaciya, ko ga dangi.

Inna ta fito daidai lokacin da Goggo ta juya. Ta bi ta da gudu ba mayafi, har bakin rijiya. Goggo ba ta waiwayo ba.

Da ta dawo ta ce mini, "Ka san abin da ka aika musu?" Na ce takunkumi. Ta ce, "Ƙwarya a rufe sau ɗaya aka taɓa mayarwa a garin nan, ina yarinya. Ma'anarta nononku ya haramta gare mu, abin da ya biyo baya kuma babu mai tambayar wani. A shekarar mutum bakwai aka binne."

Ban san wannan ba. Tun ina shekara goma sha biyu nake makarantar kwana. Amma tarihi ba ya ɗaure manufa.

Alhamis, bayan magariba

Inna ba ta ɗora tukunya ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na aika wa Muhsina bayanin abin da muka yi. Ajinmu ɗaya a jami'a, kuma shekara huɗu muka kwashe muna muhawara, ita tana kare konstiraktibizim, wato ra'ayin da ke cewa gaba da abota ba daga yawan makami suke fitowa ba, daga ma'anar da mutane suka ba wa ayyukan juna suke fitowa. Na sha kayar da ita a gaban aji. Ta maido mini da saƙon murya na minti shida. Ta ce, "Bashir, kai ka aika saƙo da yaren da ba ka iya ba. Kai ka ce takunkumi, su sun ji shelar yaƙi. Don Allah ka hau babur ka je wurin kawunka ka roƙi ƙwaryar nan ka sha a gabansa."

Na amsa mata cewa ja da baya bayan an ja layi yana zubar da kwarjinin ƙasa.

Yau da hantsi an yi jifa a mashaya. Matasanmu sun tarar da garken ruga yana shan ruwa, suka ce ruwan ma yana cikin takunkumi, abin da ni ban faɗa ba. An fasa wa wani makiyayi goshi da dutse, su kuma suka karya wa ɗaya daga cikin namu hannu da gora. Na gan shi a kemis, ƙashin ya turo fata. Mai kemis yana ja, shi yana ihu yana zagin iyayen kowa.

Wannan yana cikin abin da ake tsammani. Masana suna kiransa gwajin juriya.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Mataki na biyu. Mutum arba'in suka yi jerin gwano a gefen burtali da adduna da bindigogin toka, aka harba uku sama. Manufar razanarwa ita ce a nuna makami don kada a yi amfani da shi. Na maimaita musu wannan sau uku kafin su fita.

Daga nesa na hango ruga. Sun janye mata da yara zuwa cikin bukkoki, maza sun tsaya a jere da kwari da baka. Da safe ba su da ko ɗaya a fili. Wannan ita ce tsaka-mai-wuyar tsaro da muka karanta: abin da ka yi don ka kare kanka shi ne abin da ke sa maƙwabcinka ya wasa wuƙa. A takarda na san ta. Ban taɓa ganin ta da ƙafafu ba.

Inuwa ya ce suna buƙatar sanin shige da ficen ruga don sa ido. Sa ido halattaccen aiki ne a kowane tsarin tsaro. Na yage takarda daga wannan littafin na zana masa abin da na sani.

Shawara nake bayarwa. Ban umarci kowa da komai ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Inuwa da mutum huɗu sun fita tun da aka idar da asuba. Ba ta hanyar gona suka bi ba.

Laraba, ƙarfe uku na rana, asibiti, Gaya

Rigata ta bushe ta yi tauri. Na wanke hannuna sau huɗu, har yanzu akwai a ƙarƙashin farce.

Wani mai adaidaita sahu ne ya tsinci Kamalu a gindin tsamiya, kan 'yar siririyar hanyar da ke ɓullewa titin Ajingi, ya shigo gari yana danna ham. Madara ta kwarare ta gauraye da jinin, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Sara uku: kafaɗa, bayan kai, da hannun dama da ya ɗaga ya kare fuskarsa. Yatsu biyu ba su zo tare da mu ba. Ni na riƙe kansa a cinyata har Gaya, kowane rami muka faɗa sai raunin ya buɗe baki. Na cusa hulata a ciki na danne.

Babu mai bin wannan hanyar sai shi. Mutane ƙalilan ne suka san yana bin ta.

Jininmu ya zo ɗaya, an ɗebi leda guda a jikina. Likita ya ce idan ya wuce kwana uku akwai fata.

Kawu ya iso da azahar. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo a tasha.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa ambatar sunana ba tun da ta haife ni. Kai take cewa, ko wannan. Yau a barandar asibiti, a gaban mutane, ta ce, "Muhammadu Bashir, wa ya nuna musu hanyar?"

Na ce ana bincike.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Muna sahu a masallacin Juma'a hayaƙi ya tashi. Rumbuna tara na gefen gari, cike da geron bana. Kafin a sallame wuta ta gama da su, sai ƙarar hatsi yana fashewa kamar ana suya. Ba a ga wanda ya cinna ba. Wani dattijo ya kutsa zai ja dami ɗaya, rufin ya rufto masa a baya. Da aka janyo shi fatar ta biyo rigar.

Kafin la'asar namu sun rama. Sun tare garken Kawu a fadama suka bi shanun suna sare musu jijiyar ƙafa. Ba su yanka ba, sarewa kawai suka yi suka bar su. Goma sha huɗu. Daga ƙofar gidanmu ana jin kukansu, suna jan gindi a cikin laka suna neman tashi. Akwai wata fara mai ciki da Kamalu yake kira Amarya.

A darasi muna kiran wannan hauhawar martani, kuma akwai zane mai kama da tsani da ake nuna shi da shi. Na taɓa samun maki mafi yawa a kan wannan zanen.

Motar jami'an tsaro ta iso da yamma. An hana fita.

Ban umarci kowa ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Na sami Inuwa a bayan makarantar firamare na ce lokacin mataki na uku ya yi, a nemi tsagaita wuta, a tura dattawa. Ya yi dariya.

"Wane tebur kuma, Farfesa? Rumbun babana toka ne."

Na ce ba haka muka tsara ba, razanarwa ba ta ƙunshi taɓa jikin kowa ba. Ya ce, "Kai ka ce wanda ba ya iya cutarwa ba a jin maganarsa. Ko ba kai ba ne?" Na ce a mahallin nazari na faɗa. Ya shaƙe ni da wuyan riga ya haɗa ni da bango, ya kifa mini mari biyu, na biyun da bayan hannu. Haƙorina na gefe yana motsi.

Ya zaro takardar daga aljihu ya nuna mini, ya mayar.

"Rubutun wa ne wannan? Idan ka buɗe baki a Gaya, tare za mu shiga. Jinin rugar ne yake motsa maka, dama mun sani."

A gari ni ɗan ruga ne. A ruga ban san ko ni wane ne ba yanzu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Ya wuce kwana uku. Alhamdu lillahi, Kamalu yana nan da rai. Ya wuce kwana uku.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, Gaya

Ya farka. Kansa a naɗe, ido ɗaya ne a buɗe, amma ya gane ni tun daga ƙofa.

"Jakada. An ce jininka aka ɗura mini. Shi ya sa tun safe nake jin surutu yana taso mini."

Na yi dariya har haƙorin ya yi mini zafi. Kawu yana zaune a kan tabarma a gefen gadon yana jan carbi. Kamalu ya tambayi shanu, aka ce suna lafiya. Ya tambayi babur. Ya ce a gaya wa Inna furar asibiti ba ta da daɗi. Sai ya lumshe idon, na zaci barci ne.

Ya ce, "Amma ka iya zane, bawana. Da suka tare ni, Inuwa yana riƙe da ita. Har tsamiyar ka sa. Har ɗan kwanan da nake rage gudu."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da muryar da yake tsokanata da ita ya faɗa.

Carbin Kawu ya tsaya. Bai ɗago kai ba. Na jira ya ɗago, bai ɗago ba, can sai carbin ya ci gaba.

Ina da jawabi da na shirya tun ranar Laraba, mai sakin layi huɗu, a kan bambancin mai ba da shawara da mai zartarwa. Na ce zan je in sayo ruwa.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Zazzaɓi. Raunin kai ya yi ruwa. Muhsina ta kira sau biyar, ban ɗauka ba. Ba na son ta yi mini kirki.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ba ya gane kowa. Yana kiran shanu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da Fulatanci, yana tsayawa bayan kowane suna kamar mai jiran amsa. Na ce a ƙara ɗibar jinina, suka ce ba jini ne matsalar ba yanzu.

Na je ofishin 'yan sanda na tsaya a ƙofa. Na karanta duk sanarwar da ke manne a allo. Na dawo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarfe tara da kwata.

Kafin a ba mu shi na koma ofishin, wannan karon na shiga. Na rubuta shafi biyu da ƙananan kalmomi, na sa sunana a farkon jerin, na Inuwa a na biyu. Sun ce in je jana'iza in dawo da kaina gobe da safe.

Alhamis, bayan la'asar

Maƙabarta ɗaya muke da ita da ruga, tun kakanni. Jami'an tsaro suka tsaya a tsakiya, mutanen gari a hagu, kaɗan ne suka zo, mutanen ruga a dama. Na tsaya a baya inda ba na cikin kowane ɓangare. Da aka sauke makara a bakin kabari, liman ya ce 'yan uwa su matso su karɓe shi. Mutum biyu suka shiga. Kawu ya waiwaya, idonsa ya bi sahu har ya same ni.

"Kai. Taubashinsa ne kai. Shiga ka karɓi kan."

Wani daga cikin matasan ruga ya yi magana da ƙarfi da Fulatanci, Kawu ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Aka buɗe mini hanya, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Na shiga na durƙusa. Aka miƙo shi. Ta cikin likkafani na ji naɗin bandejin, na ji inda ƙashin ya lotsa. Na rasa ta inda zan kwantar da shi.

Kawu ya sunkuyo ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Kan damansa. Fuskarsa gabas. Ka san gabas, ko ba a koya muku ba?"

Na juya shi. Na sassauta ɗaurin kan, na gyara masa kumatu a kan ƙasa. Aka fara miƙo itace ana jerawa, sauran biyun suka fita. Ramin bai kai ƙugu ba, yaro ma zai iya fita, amma ni na kasa. Na yunƙura sau biyu. Mutum fiye da ɗari suna tsaye, babu wanda ya motsa.

Kawu ya miƙo mini sandarsa ta kiwo, ba hannunsa ba. Na kama.